Iyatu Mai Gumi da Kaskon Turarenta

Idan ka baro Kura ka nufi Bunkure, da ka haye 'yar gadar da ke kan kanal ɗin ban ruwa ka dubi hannunka na hagu, za ka ga wani gida mai katangar ƙasa wanda a da hayaƙi ba ya yanke masa daga hantsi har la'asar sakaliya. Gidan Iyatu mai gumi ke nan. A wancan lokacin ba sai ka tsaya tambaya ba, hancinka ma zai kai ka, don tsamin jiƙaƙƙiyar shinkafa da ƙaurin ɓuntu su ke fara yi wa baƙo maraba tun bai kai zaure ba.

Aure ne ya kawo Iyatu nan daga Madobi, 'yan shekaru bayan ruwan madatsar Tiga ya iso ƙasar, lokacin da mutane ke ta mamakin yadda za a ce a shuka shinkafa da rani kuma ta yi. Mijinta, Malam Sada, manomi ne mai 'yar gona a bakin ruwa. Ita kuwa da ta ga shinkafa ta cika gari, mata kuma na samun na sabulu da gyaranta, sai ta nemi rabin duro ta girka a tsakar gida. Daga ranar, shekara arba'in da ɗoriya, wutar nan ba ta huta ba sai ranar Sallah ko ranar rasuwa.

Masu cin shinkafar Kura a birni ba su san abin da ake sha kafin ta zo musu a faranti ba, kuma wallahi ba su damu su sani ba. Sai an jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ta kwana a ruwan ɗumi. A tsame, a zuba a duro, a rufe da buhu, a yi ta hura wuta har tururi ya ratsa ta bakinta ya tsage. A kwashe da zafinta a baza a rana, a dinga juyawa ana korar kaji da awakin maƙwabta, sannan a kai inji. Wannan shi ne gumi. Itace kuwa ya fi ƙarfin mai gumi tuntuni, don haka ɓuntun da inji ya fitar shi ake dawowa da shi a zuba a murhu. Ɓuntu ba ya ci da harshe kamar itacen kirki. Cin mugunta yake yi a hankali, yana tuttuɗo hayaƙi mai kauri da ke kama maƙogwaro. A cikinsa Iyatu ta yi ƙuruciyarta, a cikinsa ta yi goyo, a cikinsa ta tsufa bayan Malam Sada ya riga ta gidan gaskiya.

Abin da aikin ya bar mata ba ɓoyayye ba ne. Idanunta jajaye ne kullum suna ruwa, gwiwa ba ta lanƙwasuwa sai da salati, ga tarin safe wanda sai ta dafa bango kafin ya sake ta. Hancinta ma ya dushe, har miya kan kama a tukunya tana zaune kusa ba ta ji ba. Ba mai yawan ƙorafi ba ce. In ka ce mata sannu, sai ta ce aiki ne, ta ci gaba da juya shinkafarta. Amma duk wanda ya ga yadda take zama daɓas a bakin ƙofa in an sauke duron ƙarshe, ya san matar nan ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Abu guda ta riƙe wanda ba na wahala ba ne, shi ne turaren wuta. Tun tana da ɗanyen goyo, wata rana a gidan biki ta ji wata mata ta ja jiki ta ce wa ta kusa da ita, masu gumi ko sun yi wanka bakwai ƙauri suke yi. Maganar nan ta zauna mata a rai. Ta je ta koyi haɗa turare wajen wata Babarbariya da ta taɓa zama a Kura: hawi da gajiji da farce da sandal, a soya da suga, a zuba madarar turare, a rufe a kwalba ya yi wata uku. Tun daga nan ta raba gidanta biyu, tsakar gida ta gumi ce, ɗaki kuwa nata ne. Kullum in ta yi wankan yamma sai ta ɗebo garwashi a wani ɗan kasko mai tsagaggen baki, ta barbaɗa turare, ta saki labule, ta miƙe ƙafa. Wannan ɗan lokacin shi ne hutunta a duniya. Da hancin ya fara dushewa, sai hannun ya ƙara nauyi, abin da take ɗiba da yatsa biyu ya koma cikin tafi. Ba wanda ya ce mata komai. Wa zai shiga ɗakin dattijuwa ya ce ƙamshi ya yi yawa?

A wurin Iyatu hayaƙi iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba. Akwai na ɓuntu, wanda talauci ke sa mutum ya shaƙa. Akwai na turare, wanda ake tarbar baƙo da shi, a kai amarya da shi, a gyara ɗakin mai jego da shi. In da za ka ce mata ai duka hayaƙi ne, kallon marar tarbiyya za ta yi maka.

Babban ɗanta sunansa Zaharaddini, amma sunan surukinta ne ya ci, don haka ba ta taɓa furta shi ba, Baballe take ce masa. A Kano yake, sana'arsa haɗa wutar sola a gidajen mutane, shi ya ma ɗora mata faifai ɗaya a kan rufin ɗakinta. Matarsa Khadijat malamar makaranta ce, 'yar Dawakin Kudu, mai kunya da ladabi har ya so ya yi yawa. Suna da 'ya guda, Ilham, shekararta shida. To, Baballe ɗan fari ne, Iyatu ba ta isa ta nuna masa so a fili ba, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Duk abin da ta danne shekara da shekaru sai ta tattara ta juye wa jikar. Ƙawata take kiranta. Duk hutu Ilham a nan take yi, tana bin kaji, tana cin ƙanzo, ta kwana a bayan kakarta ta tura mata ƙafa a ƙugu.

Bara waccan ne abin ya lalace. Yarinya ta zo hutu, kwana biyu kacal ƙirjinta ya kama, numfashi yana fita da ƙyar yana 'yar ƙara kamar kukan ɗan tsako. Likita a Kano ya ce asma ce, a raba ta da hayaƙi da ƙura. Kowa ya ce ai ga dalili nan a fili, wutar gumi. Daga nan ba a sake kawo ta ba. Iyatu kan shiga mota ta je ta gan ta, amma wunin gidan suruka ba zama ba ne, kana ɗosane a kujera ana ta kawo maka lemo kamar baƙon da ba a sani ba. Ita ba wani abu take nema ba, ba Makka ba, ba gidan siminti ba. So take ƙawarta ta sake kwana a ɗakinta kafin ta mutu.

Wata Asabar, saura wata biyu a ba da hutu, sai ga Baballe da kwali a bayan babur. Ya fito da wata na'ura fara sol, tsayinta kamar na ƙaramin turmi, jikinta duk 'yan huji, da 'yar fitila a ka. Ya ce na'urar tace iska ce. Ya durƙusa yana bayani, ita kuma tana kallon gefe kamar ba da ita yake ba, alhali ba kalmar da ta wuce ta. Ya ce fanka ce a ciki, tana zuƙo iskar ɗaki ta hujin nan, ta bi da ita ta cikin wata matata mai ninki-ninki, matatar ta riƙe hayaƙi da ƙura da ƙaiƙayin shinkafa wanda ido ba ya gani, sai iska mai kyau ta fito ta sama. Ya buɗe bayanta ya nuna mata matatar, fara kamar sabuwar auduga. Iyatu ta taɓe baki ta ce ashe dai tankaɗe ne, Turawa sun rasa abin tankaɗewa sun koma kan iska.

Ya kafa mata sharuɗɗa. Kada a jingina ta da bango, kada a toshe mata huji, a dinga rufe ƙofa da taga in wutar gumi na ci, matatar kuma ba a wanke ta, in ta cika canzawa ake yi. Fitilar in ta yi shuɗi iska lafiya lau, in ta yi ja akwai datti. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi: Khadijat ta yarda Ilham ta zo hutu, in dai za a kashe wutar gumi kwanakin da za ta yi, na'urar kuma tana aiki a ɗaki. Iyatu ta ce Allah ya kai mu, ta tashi ta shiga madafi wai za ta duba tukunya. Ba wata tukunya a kan wuta, hawaye ne ba ta so ɗan fari ya gani.

Akwai sharaɗi na uku da bai isa kunnenta ba. Khadijat ta ce masa ya yi wa Iya maganar turare. Ya ɗauko maganar tun daga Kano, ya shigo ɗaki da ita, ya dubi kwalaben nan jere a kan kabad, ya dubi uwarsa, sai bakinsa ya yi nauyi. Ya ce a ransa ai ga na'ura, za ta ji da shi. Da ya koma gida aka tambaye shi, ya ce ya yi duk bayanin da ya kamata.

Gaskiya na'ura ta yi aikinta. Kafin sati biyu Iyatu ta lura tarin safe ya rage mata, ba ta dafa bango sai jefi-jefi, 'yar ƙurar ƙaiƙayi da kan kwanta a kan kwanukan jerenta ma ta ja baya. Ba ta yaba a fili ba, amma ta gaya wa Joanna. Joanna mutuniyar Filato ce, mijinta makanikin injinan ban ruwa ne, shekara goma sha biyu ke nan suna gumi tare, kuma ita kaɗai ce a garin ke iya gaya wa Iyatu gaskiya ta kwana lafiya. Joanna ta ce to Iya sai a gode wa Baballe. Iyatu ta ce a gode wa Allah dai.

Rigimarsu da na'ura a kan turare ta tashi. Duk wuni fitila shuɗiya, tana 'yar shesshekarta a hankali kamar mage mai barci. Amma da Iyatu ta shigo da kasko ta barbaɗa turare, sai fitila ta kaɗa ta yi jawur, fanka ta tashi da gurnani, kafin a yi sallar magariba hayaƙin nan ya ɓace kamar ba a yi ba. Ranar farko ta ɗauka lalacewa ta yi. Rana ta uku ta gane abin da ake nufi, ranta kuwa ya ɓaci ƙwarai. Wato turaren da ta soya da hannunta, ta jira shi wata uku, shi ne datti? Ta raɗa wa na'urar suna Jan-ido, ta ce ba ta da kunya ba ta da godiya, an ba ta masauki tana shanye wa masu gida ƙamshi. Joanna ta ce mata wataƙila fa abin nan gaskiya yake faɗa. Iyatu ta ce ƙarfen da bai taɓa zuwa gidan biki ba me ya sani game da turare.

Ranar da za a kawo Ilham, Iyatu ta cika alkawari. Tun jajibiri ta kashe wutar gumi, ta sallami masu kawo mata shanshera, aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka kwashe buhunan ɓuntu aka kai bayan gari. Ta sa aka yanka zabo, ta dama fura. Saura ɗaki. Kuma ɗakin da za a sauki baƙo na musamman, ita hanya ɗaya ta sani ta gyara shi. Ta kashe Jan-ido don kada ta yi mata ɓarna. Ta rufe taga, ta saki labule, ta ɗauko kwalbar da ta fi daɗewa. Ta kifa kwando a kan kasko ta turara zanin gado, ta turara matasan kai ɗaya bayan ɗaya, ta turara 'yar rigar da ta ɗinka wa ƙawarta, ta turara nata mayafin. Sau uku tana sake garwashi, don a hancinta ƙamshin bai kama ba tukuna. Da ta gama sai ta dubi na'urar tsaye tsirara a tsakar ɗaki, ta ga bai dace surukarta ta tarar da kyautarsu haka ba. Ta ɗauko wani farin ƙyalle mai aikin saƙa da ta ɓoye tun bikin 'yar autarta, ta lulluɓe ta har ƙasa, ta ɗora 'yar tasa mai fure a kai. Ta ja baya ta duba, abin ya yi mata kyau.

Bayan azahar suka iso. Baballe ya tsaya a zaure yana gaisawa da dattawan unguwa. Ilham kuwa ta kwasa da gudu ta faɗa jikin kakarta, daga nan ta wuce ɗaki ta haye gado ta cusa fuska a matashi tana dariya. Khadijat ta ɗaga labule, hayaƙi ya daki idonta, ta hangi na'ura a lulluɓe da tasa a ka. Ta so ta yi magana. Amma ga surukarta tsaye tana washe baki tana lale marhabin, sai ta durƙusa ta fara gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida, ya aka ji da zafi. Gaisuwar suruka ba a yanke ta a tsakiya. Tana cikin neman yadda za ta ce Ilham ta fito ba tare da ta ci fuskar tsohuwa ba, yarinya ta fara tari.

Tari ɗaya, biyu, sai kukan ɗan tsakon nan ya dawo. Ilham ta zauna a bakin gado ta ɗaga kafaɗu tana neman iska, idanunta sun firfito. Khadijat ta manta da kunya, ta sure ta ta yi waje, ta zazzage jaka ta ciro abin shaƙarta. Aka shaƙa mata, aka jira, aka ƙara, ƙirji bai saki yadda ake so ba. Baballe ya tare mai adaidaita. Iyatu na biye da su tana cewa wallahi ba ta hura wuta ba, tun jiya ba ta hura ba, a tambayi Joanna. Khadijat na rungume da 'yarta, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dubi surukarta ba.

"Iya, turare ma hayaƙi ne," ta ce.

Iyatu ta bi su asibiti a bayan babur. Da ta zo shiga ɗakin da aka kwantar da yarinya, wata ma'aikaciya ta tare ta cikin ladabi, ta ce Mama ki yi haƙuri ki zauna a waje, ƙamshin mayafinki zai ƙara tayar mata. Ta zauna a benci. Shekara arba'in tana gudun a ce tana ƙauri, yau ga shi an hana ta shiga wajen jikarta saboda ƙamshi. Allah ya taimaka numfashi ya daidaita kafin magariba. Washegari daga asibitin suka wuce Kano, ba su biyo ta gida ba. Zabon nan 'ya'yan maƙwabta ne suka ci.

Kwana biyu Iyatu ba ta hura wutar gumi ba, ba ta hura ta kasko ba. Rana ta uku Joanna ta shigo ba sallamar kirki, ta sauke tasa, ta yaye ƙyalle, ta kunna na'ura. Ta kama labule ta kakkaɓe shi kusa da ita, nan take fitila ta yi ja. Sannan ta buɗe bayan na'urar ta zaro matatar nan ta ajiye a cinyar Iyatu. Abin da ya zo fari kamar auduga ya koma kalar gindin duro, yana danƙo a hannu. Joanna ta ce kuma ba ƙaurin ɓuntu kaɗai yake yi ba, ƙamshin hawi ne ya fi yawa, don ita nata hancin da sauransa. Iyatu ta kai shi hanci, da ƙyar ta ji wani abu can nesa. Ta daɗe tana juya shi.

"Wannan na wata biyu ne," in ji ta. "Na na'ura a cire a sa sabo. Ni nawa na ƙirji wa zai cire ya canza mini?"

Joanna ta ce a fara da labulen.

Aikin ya ci su kusan wata guda, a tsakanin duro da duro. Suka wanke labule da zannuwan gado sau uku-uku, ruwan yana fita kamar shayi. Matasan kai ba su wanku ba, aka farke su aka zubar da audugar. Katifa ta yi sati tana shan rana. Aka goge kabad da kwanuka, aka shafe bango da farar ƙasa. Mijin Joanna ya zo da abokan aikinsa suka ciccibi duron gumi suka fitar da shi can bayan gida kusa da kanal, suka kafa masa rumfa inda iska ke kwashe hayaƙin ta yi gona da shi. Yanzu kullum sai Iyatu ta taka har can da gwiwar nan tata, ta dawo ta tuɓe kayan aiki a zaure kafin ta shiga ɗaki.

Kwalaben turare guda tara ne. Ta raba su ga 'yan matan unguwa masu shirin aure, ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa kowacce ta dinga sa kaɗan kuma ta buɗe taga. Suka yi ta godiya, suna fita suna cewa Iya ta fara rabon gado tun da ranta. Kaskon ne ta kasa bayarwa, ta kuma kasa fasawa. Ta ajiye shi a gindin rumbu ta zuba wa 'yan tsaki ruwa a ciki.

Abin da ya fi mata wuya shi ne yamma. Ta yi wanka, ta shiga ɗaki, ta miƙe ƙafa, sai ta rasa abin yi da hannunta. Ɗakin ba ya warin komai, ba ya ƙamshin komai, kamar ɗakin haya da ba a tare ba. Sai ita da 'yar shuɗiyar fitila suna kallon juna. Ta daina ce mata Jan-ido, amma ba ta sa mata wani suna ba. Ta yi kewar turarenta, ba ta ɓoye wa Joanna ba, ta ce ji take kamar an sake yi mata takaba.

Ana saura sati biyu dogon hutu, ta sa aka kira mata Khadijat a waya. Ba ta bi ta wajen Baballe ba, don ta gane inda saƙo ke maƙalewa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan tsohuwa ta yi abin da ba a saba ji daga bakin uwar miji ba.

"'Yata, ni na yi kuskure, ban sani ba ne. Na fitar da turare daga gidan nan gaba ɗaya. Ki zo ke kaɗai ki shinshina ɗakin da hancinki, tunda nawa ya mutu. In kin ji wani abu, kada ki ji kunyata, ki faɗa."

Khadijat ta ce ita ma da laifinta, da ta buɗe baki tun a bakin ƙofa da ba a kai ga haka ba. Ta zo ranar Lahadi da sabuwar matata a jaka. Ta shiga ɗaki ta zauna, ta ɗaga matashi ta shinshina, ta buɗe kabad, kunya kamar ta kashe ta, amma ta yi. Ta ce a fitar da wata tsohuwar darduma, aka fitar. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce dai za ta yi shawara da likita.

Cikin watan Agusta aka kawo Ilham, ranar ana yayyafi. Wutar gumi a kashe, masu shanshera sun kai wa wasu, Iyatu ko a jikinta. Khadijat ta ce za ta zauna zuwa la'asar ta gani. Yarinya ta ci dambu, ta bi 'yan tsaki har ta jiƙe, aka sauya mata kaya, barci ya kwashe ta a kan gadon kakarta. Iyatu ta zauna a bakin gadon ba ta motsa ba. Ruwa na sauka a kan kwano, fitila shuɗiya, ita kuwa ta karkata kunnenta mai ɗan ji tana sauraron ƙirjin yarinya yana hawa yana sauka. Ba ƙara, ba kukan tsako. Da la'asar ta yi Khadijat ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye jakar kayan Ilham a kan kabad ta ce za ta bi motar yamma.

Ilham ta farka ta mirgino ta cusa fuska a zanin kakarta kamar yadda ta saba tun tana rarrafe. Ta shinshina, ta ɗago, ta sake shinshinawa.

"Iya, ina ƙamshinki?"

"Ya ƙare, ƙawata."

"To ki sayo wani mana. Ni na fi son ki da shi."

Iyatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta dubi inda kwalabe suke a da. Ta dafa ƙirjin yarinya da tafin nan nata mai kaushi, ta ce ta ja numfashi mai yawa ta ji. Ilham ta ja har cikinta ya kumbura, ta sake shi tana dariya. Iyatu ta ce ta ƙara. Ta ƙara.

"Shi ke nan," in ji Iyatu. "Bar ni haka ba ƙamshi. Sauko mu sha fura."